Shahon Hannun Kafinta

Akwai mugun hali guda da mutane ba sa sa shi a layin miyagun halaye, domin mai shi ba ya sata, ba ya shaye-shaye, kuma da wuya ka ji ashar a bakinsa. Shi ne halin mutumin da hannunsa ba ya iya barin aikin wani ya zauna lafiya. Ka share ɗaki, ya karɓi tsintsiya ya sake bi. Ka ɗaure kaya, ya kwance ya ɗaure da kansa. A ganinsa taimako yake yi, har yana tsaye yana jiran a gode masa. Ga yadda halin nan ya yi da wani kafinta.

Sumul ake ce masa, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Shagonsa yana ƙarshen layin masu sana'a, bango ɗaya da na wani mai walda. Aikinsa kuwa ba a magana. In ya gama tebur, ƙuda ma sai ya yi hankali kafin ya sauka, kada santsi ya kwashe shi. Ba da ido yake duba aiki ba, da babban yatsansa na dama yake dubawa. Zai rufe ido ya bi katako da yatsan nan a hankali, in ya ji kaushi ko kamar ƙwayar gishiri ne, sai ya ɗauko samfefa, takardar nan mai yashi-yashi da ake goge katako da ita. Da a katako abin ya tsaya, da babu mai cewa uffan. Amma yatsan nan bai san inda shago ya ƙare ba. Matarsa ta goge madubi, ya bi bayanta da tsumma. Tela ya ɗinka masa riga, ya zauna da reza yana gyara bakin aljihu.

Ɗansa namiji ɗaya ne, shi ne kuma na ƙarshe, ana ce masa Auta. A shagon ya tashi, hannunsa kuma ya iya aiki. Sai dai bai taɓa gama kujera ta fita shagon yadda ya gama ta ba. Uban zai bi ta da yatsa ya ce, "Ba laifi," sannan ya jira ɗan ya juya baya ya ɗauko samfefa. Da Auta ya zama cikakken saurayi sai ya ajiye zarto, ya tafi neman sana'ar da ubansa bai san kanta ba, don haka ma ya zaɓe ta. Ya shiga shagon masu zanen tatu, masu zana hoto a fatar mutum da allura da tawada, a saman wani bene bayan kasuwa. Ya kama ɗaki kusa da wurin. Shekaru ya kwashe yana shara, yana dafa kayan aiki, yana koyon layi a kan fatar roba.

Wata rana ya zo gida cin abinci, sai juya cokali yake yi a kwano. Uwarsa ta ce, "Kai, abincin ne bai yi ba, ko cokalin kake auna wa nauyi?"

Ya ce, "Mama, kujerar aiki ce ta samu a shago. Guda ce, mu kuma masu koyo mu biyu ne. Oga ya ce kowa ya yi babban zane a jikin mutum, ya bari ya warke, sannan ya kawo mutumin ya gani. Wanda nasa ya fi kyau bayan warkewa, shi ke da kujera."

"Don me sai ya warke?"

"Ya ce ɗanyen zane na kowa ma ƙyalli yake yi. Sai fata ta gama shan tawada ake sanin hannun da ya yi aikin."

Sumul ya gyaɗa kai, don maganar ta zo daidai da tasa sana'ar. Ya ce, "Ogan naka ba wawa ba ne. To sai me ya hana ka cin abinci?"

"Abokina da ya yi min alkawarin hannunsa ya janye. Wai budurwarsa ta ce in ya yi, kada ya sake tako ƙofar gidansu."

Sumul ya ajiye cokali, ya naɗe hannun rigarsa na hagu, ya ɗora hannun a kan tebur. Ya ce, "Ga fili."

Matar ta dafe ƙirji. "Baban Auta! Da furfurar taka? Me za ka ce wa mazan 'ya'yanka in sun zo gaishe ka?"

"In ce musu su sha ruwa su tafi. Hannuna ne ko nasu?"

Auta ya sunkuyar da kai don kada a ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauka yau dai ubansa ya yarda da hannunsa. Rabin abin kuwa ƙauna ce, ba ƙarya. Ɗaya rabin shi ne uban ya lissafa cewa in aikin yana jikinsa, to yana ƙarƙashin idonsa.

Ranar aiki suka hau benen. Ɗaki ne fari tas mai warin magani, da kujera mai kwanciya da fitila a samanta. Oga, mai shagon, wani ƙato ne mai tsadar magana. Ya zauna gefe ya harɗe hannuwa. Shaho Auta ya shirya, ya buɗe fukafukai tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, kowane gashi da layinsa siriri kamar zare. Inji ya fara ƙugi, allura ta fara cin fata. Sumul bai ce wash ba. Abin da ya dame shi daban ne.

"Kai, layin nan bai karkace ba kuwa?"

"Bai karkace ba, Baba. Kai ne ka murɗa hannu."

Jim kaɗan Sumul ya sake cewa, "Da ni ne, daga jela zan fara."

Oga ya yi gyaran murya. Ya ce, "Baba, a shagonka katako yana gaya maka inda za ka sa zarto?"

"A'a."

"To yau kai ne katakon."

Sumul ya haɗiye sauran maganarsa da ƙyar. Da aka gama aka goge, ya duba, ya ga shaho kamar zai tashi da hannun gaba ɗaya. Yatsan nan ya miƙa kansa ba tare da an aike shi ba, Auta ya cafke shi a hanya.

"Kada ka taɓa, Baba. Ciwo ne buɗaɗɗe."

"Ba laifi," in ji Sumul, yana kallon shahon.

Auta ya naɗe hannun da leda, sannan ya durƙusa gaban ubansa kamar mai neman gafara. Ya ce, "Baba, don Allah ka saurare ni. In ka isa gida an jima, ka cire ledar. Ka wanke hannuwanka tukuna, sannan ka wanke zanen da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun nan marar ƙamshi. Kada ka cuɗa. Ka daddanna shi da tawul mai tsabta har ya bushe. Man nan kuwa kaɗan za ka shafa, kamar ba ka shafa ba. Kada rana ta buge shi, kada ka jiƙa shi cikin ruwa, kada garin katako ya hau kansa. Zai yi ƙaiƙayi, zai dushe, zai yi ɓawo ya fara saɓa. Duk lafiya ce. Kada ka sosa, kada ka ɓamɓare. Aikinka guda ne, Baba, ka ƙyale shi."

"Ni za ka koya wa kula da aiki? Tun ba a haife ka ba nake shafa mai a kan abu."

"Fata ce, Baba."

"Na ji."

Ya ji ɗin, irin jin da bango ke yi wa mai sallama.

Kwanakin farko, a faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Yana wankewa yadda aka ce. Ya leƙa shagon mai walda ya ɗaga masa hannun riga. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa, ya ƙura ido, ya ce, "Iye! Sumul ya shiga sahun 'yan ƙwallo. Saura ɗan kunne. In ka shirya ka zo in huda maka, ina da wuta a hannu." Amma sai da ya ƙara kallo, ya ce, "Kai, yaron nan ya iya." Sumul ya ce, "Ba laifi," ya koma shagonsa yana jin kansa kamar shi ya zana.

A wajen mai aka fara samun saɓani. Wane irin aiki ne ake yi wa shafi ɗaya a tafi? Shi dai bai taɓa gani ba. Sai ya lafta man, ya jira ya sha iska, ya ƙara wani, ya kuma ƙara. Hannu ya yi ta naso, garin katakon shago ya samu masauki. 'Yan ƙuraje suka feso a gefen fiffike. Ya dube su ya ce tawadar yaron ce ba ta da kyau.

Bayan 'yan kwanaki sai ƙyallin ya mutu. Shaho ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka, fata ta fara ɗagowa a bakin fukafukai. An gaya masa haka za a yi, kalma bayan kalma. Amma abin da aka gaya wa kunne daban, abin da hannu ya sani shekara da shekaru daban. A wurin kafinta, shafin da ya yi fari-fari danshi ne ya maƙale a ƙasa. Gefen da ya ɗago kuwa shaidar gaggawa ce.

Da safe ya buɗe shago, ya bar ƙofar rabi a rufe, ya zauna kan benci. Ya naɗe hannun riga, ya rufe ido, ya ɗora yatsan. Kaushi, tun daga gwiwar hannu har ƙasa. Gabansa ya faɗi, kuma ba don kansa ba. Ya ce a ransa, yaron nan ya yi sauri. Oga zai gani, zai miƙa wa ɗayan kujera, Auta ya koma kan tsintsiya. In ubansa bai cece shi ba, wa zai cece shi? Kowane ɗan koyo ya san cewa bayan shafin farko katako yana ta da gashi, sai a bi shi da samfefa mai laushi a kwantar, sannan a ci gaba.

Bai ɗauki sabuwa ba, shi ba mugu ba ne. Ya tona akwati ya samo wata tsohuwa, mafi laushi, wadda ta sha aiki har ta zama kamar ƙyalle. Ya ce, "Ba gogewa zan yi ba, shafawa ce kawai." Ya bi layin gashin tsuntsun, don ba a goge abu a gicciye. Ɓawo ya riƙa zuba a kan wandonsa, baƙi-baƙi. Ƙarƙashinsa sai ga zane ya fito jajir yana sheƙi, kamar ranar da aka yi shi.

"Ka gani ko!" in ji shi, alhali ba kowa a shagon.

Bayan gogewa kuma sai share ƙura, wannan ba sai an koya masa ba. Ya ɗiga tina a tsumma, ruwan nan mai wari da ake tsinka fenti da shi, ya goga. Bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba, kansa ya daki kantar kayan da ke samansa, gwangwanin ƙusa ya tarwatse a ƙasa.

Mai walda ya ƙwalo ta bango, "Sumul, lafiya?"

"Ƙusa na taka!"

Ya zauna yana haɗa gumi, haƙoransa a datse, amma ransa fari. Ya ce abin da ya yi zafi haka lallai ya shiga inda ake so. Sannan ya jawo benci bakin ƙofa ya shanya hannun a rana, don aiki ya kama jikinsa.

Ciwon da aka buɗe sai ya sake yin ɓawo, wannan karon mai kauri. Sumul bai yi mamaki ba. Akwai katako mai taurin kai, wanda sai an bi shi an sake bi. Ya sake bi.

Auta yana bugo waya kullum. "Baba, turo min hoto in gani."

"Wayar nan tawa in ta ɗauki mutum akuya take fitarwa. Ka kwantar da hankalinka."

Da Auta ya zo gida ya tarar da uban a falo, hannun riga a ɓalle har wuyan hannu. Ya ce, "Baba, ɗaga in duba."

"Ba kai ka ce kada rana ta buge shi ba?"

"Nan ai falo ne."

"Ka taɓa ganin na nuna wa mai tebur teburinsa da rabin shafi? Ranar da za a kai wa Oga, ranar za ka gani."

"To yana ƙaiƙayi?"

"Ko kaɗan."

Nan kam gaskiya ya faɗa, domin raɗaɗi ya kori ƙaiƙayi tuntuni. Auta ya koma da murna, ya ce wa Oga bai taɓa ganin mai bin doka irin ubansa ba, ko sosawa ba ya yi.

Matar ce ba ta ruɗuwa da hannun riga, don ita ke wanki. Ta ɗago zanin gado ta nuna masa. "Baban Auta, tsuntsun nan naka ƙwai yake fasa mana a gado? Dubi nan. Ga warin shago har cikin bargo. Bari in kira Auta."

Ya rage murya ya ce, "In kika kira shi kin karya masa gwiwa. Akwai 'yar matsala a aikin nasa, ina gyara masa ne a ɓoye. Ba na so ya sani."

Ta ninke zanin gadon. Shekara da shekaru ba ta taɓa ganin ya ce abu ya karkace aka auna aka tarar a miƙe yake ba. Sai ta koma jin tausayin ɗanta, tana ƙara masa nama in ya zo, ba ta gaya masa dalili.

Da ranar nunawa ta matso, sai Sumul ya ga wata sabuwar ɓarna. Tawada ta bi ɓawo ta tafi. Fiffiken hagu ya yi gurabe farare, idon shahon ya ɓace ɗungurungum. Ya girgiza kai ya ce, "Ka ga abin da nake gudu. Bai danna allurar sosai ba." Wannan ma yana da maganinsa a kan kantar shago. Akwai wata kwalbar baƙar kala da yake rufe ƙarzuwar tebur da ita, ba mai gane wurin ko ya sa tabarau. Ya ɗauko buroshi mafi siriri, ya zauna kusa da taga, ya mayar wa shaho idonsa, ya cike guraben fiffike. Har ya ƙara masa 'yan gashi a jela inda yake ganin Auta ya yi rowa.

Washegari hannu ya kumbura. Kafin wani lokaci ya zama kamar ƙafar tebur, yana zafi kamar an ɗora masa dutsen guga, yana bugawa tare da zuciya. Zazzaɓi ya rufe shi. Ƙofofin wani sabon gida da ya karɓi aikinsu suna jingine a bango, ba hannun da zai riƙe su a goge. Matar ta ce a tafi asibiti. Ya ce sai an kai wa Oga tukuna, ba zai wahala a banza ba.

Ranar ta zo. Ya hau benen yana dafa bango, yana hutawa a hanya. Ɗayan mai koyon ya riga su zuwa da mutuminsa, wani direba da aka zana wa fure a kafaɗa. Furen ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya warke tsaf, fata ta kwanta. Oga ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Saura naka, Auta."

Auta yana murmushi ya ce, "Baba, bismilla."

Sumul ya ɓalle maɓalli, ya ja hannun riga, ya ƙi tafiya. Yadin ya manne da ciwon. Oga ya tashi ya sa safar hannu, ya kawo ruwan ɗumi ya jiƙa, sannan ya bi ɗinkin da almakashi ya buɗe.

Direban ya kau da kai. Abin da ke kan hannun ba shaho ba ne, ko kazar da aka fige ta fi shi kyan gani. Ja, da baƙi, da ruwan mugunya, da wani jan layi da ya miƙe ya haye dantse.

Oga ya sunkuya ya shinshina. "Tina?"

"Kaɗan," in ji Sumul.

"Wannan baƙin fa?"

"Kalar katako ce. Mai kyau ce, ba ta koɗewa."

"Wannan ƙarzuwar?"

"Samfefa. Amma mai laushi."

Auta ya juyo ya dubi ubansa. "Baba, me ka yi?"

"Gyara maka na yi. Gefen ya ɗago, fuskar ta dushe. Da na bar shi haka, da kunya ka sha yau."

"Na gaya maka zai ɗago. Na gaya maka zai dushe. A nan na durƙusa na gaya maka. Warkewa yake yi, Baba."

"Kaushi fa na ji, da yatsana."

"Da ka ƙyale shi, da ya zube da kansa."

Sumul ya waiga wajen Oga, yana neman mai sana'a ɗan'uwansa ya goya masa baya. Oga ya cire safar hannu ya jefa a kwando. Ya ce, "A kai shi asibiti yanzu-yanzu. Jan layin nan ba na wasa ba ne." Sannan ya dubi Auta. "Na ga aikin yana ɗanye, ya fi furen can nesa ba kusa ba. Amma warkakke na ce zan duba, kuma ba abin da zan duba."

Auta da direban ne suka sauko da shi benen, ɗaya a dama ɗaya a hagu, hannun yana reto a fili, tsakar rana, kasuwa tana ci.

A asibiti nas ta tambaye shi abin da ya sa wa ciwon. Ya lissafa mata. Ta ajiye auduga, ta leƙa waje ta kira abokiyar aikinta, ta ce, "Baba, don Allah maimaita mata, in ni na faɗa ba za ta yarda ba." Aka kankare, aka wanke, aka ɗaure, aka yi ta zuba masa allurai. Likita ya ce da ya ƙara jinkiri, da ba maganar zane ake yi ba, maganar hannun ake yi.

Yana kwance labari ya gama gari. Waɗanda suka ga an sauko da shi ba su tambayi kowa ba. Abin da ido ya gani ya ishe su: dattijo ya hau benen masu tatu, an sauko da shi hannu a ruɓe. Kafin yamma an ce allurar ɗansa ce mai tsatsa. Washegari an ce tawadar ta jabu ce. Masu hawa benen suka ɗauke ƙafa. Oga ya kira Auta ya ce masa ya san ba laifinsa ba ne, amma muddin yana shagon ba mai shigowa, shi kuma yana da iyali.

Da aka sallami Sumul ya ji abin da ya faru, bai zauna ba. Ya rataye hannu a wuya ya bi layin shago-shago yana faɗin gaskiya. "Ba yaron ba ne. Ni ne. Ni na goge shi da samfefa, na zuba masa tina."

Mai walda ya kashe injinsa, ya dafa masa kafaɗa. Ya ce, "Allah sarki, uba. Mun gane, Sumul. Kowa zai rufa wa nasa asiri. Amma ka nemi ƙaryar da za ta shiga kunne mana. Wane mai hankali ne zai sa wa jikinsa samfefa?"

"Wallahi ni na yi!"

"Har da rantsuwa? Kai, wannan yaro ya yi sa'ar uba."

Sumul ya koma shago ya ɗauko tsohuwar samfefar da baƙin tawada a jikinta, ya zagaya da ita. Mutane suka karɓa suka jujjuya, suka miƙa wa juna, suna cewa dubi wahalar da bawan Allah ya sha don ya wanke ɗansa, har shaida ya ƙera. Mai kanti ya ba shi kujera. Mai gyaran takalmi ya ce irin waɗannan iyayen sun ƙare a duniya. Tunda yake a layin ba a taɓa yabonsa haka ba, kuma duk yabon da aka yi masa ƙarin ƙasa ne a kan sunan Auta.

Auta ya haɗa jakarsa. Ya samu wani shago a wani gari mai nisa, inda za a karɓe shi ya fara daga shara. Ya zo ya yi wa uwarsa sallama, suka daɗe a ɗaki. Da ya fito ya tsaya gaban ubansa, ya ce, "Baba, Allah ya ƙara sauƙi." Bai kalli hannun ba.

Ga abin da Sumul ya rasa, ba ragi ba ƙari. Shahon ya tafi, a gurbinsa tabo ne mai ƙulu-ƙulu wanda likita ya ce ba allurar da za ta ƙara hawa kansa. Yatsu biyu na hagu sun sage, ba sa damƙar katako yadda suka saba. Ƙofofin sabon gidan an zo da mota an kwashe an kai wa wani kafinta. Matarsa, in ya ce abu ya karkace, sai ta je ta duba da kanta. Kujerar ta zama ta mai furen. Sunan ɗansa ya ɓaci a garin da aka haife shi, kan aikin da ya fi kowane kyau a cikin ayyukansa. Shi kuma ɗan, in ya bugo waya, uwarsa yake nema.